Ciwon Giya a Tsohuwar Mota

Yawancin motocin da iyayenmu suke kawo mu makaranta da su yanzu ba su da kuloci. Direba ya sa sanda a kan harafin D, ita kuma mota ta riƙa canja giya da kanta. Irin wannan giya ake kira otomatik. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sa ta a motocin sayarwa masu yawa, a cikin Oldsmobile ƙirar 1940. Tana da daɗin tuƙi ƙwarai, amma ran da ta fara ciwo mai ita ba ya barci. Ina so in ba 'yan uwana ɗalibai da iyayenmu labarin abin da na gani a hutun da ya wuce, ko ya amfani wani gidan.

Babanmu yana da Toyota Camry ƙirar 2003, 'yar kwatano. Da mil take ƙidayar tafiya, don daga Amurka ta fito, ta kuwa haura mil 200,000, wato fiye da kilomita 320,000. Tun da ya bar aikin gwamnati da ita yake jigilar fasinja tsakanin Kano da Dutse. A jikinta abincinmu yake fitowa, har da garin kwaki da sabulun da nake zuwa da su makaranta.

Ciwon ya fara a hankali. Da safe in an sa D sai ta yi jim kafin ta ja. Daga baya in Baba ya taka totur za a hau gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, sai inji ya yi ta ruri, allurar da ke nuna gudun inji ta yi sama, mota kuwa tana tafiyar hawainiya, can sai ta fizga. Wannan shi ne zamewar giya. Wani bakanike ko bonet bai buɗe ba ya ce giya ta mutu, sai a sayo wata a Ƙofar Ruwa. Da Baba ya yi lissafi ya ga kuɗin ba za su haɗu ba sai an sayar da gonarsa ta gado. Kwana biyu ba ya cinye tuwonsa.

Innarmu ce ta tuna masa da wani tsohon bakanike abokin Kawu. Da muka je, tsohon ya ce, "Alhaji, ba a fara maganin ciwon kai da fiɗa. Bari mu fara da abin da ba ya cin kuɗi." Ya sa aka zagaya da motar har ta yi zafi, aka tsai da ita a wuri mai shafe, inji yana aiki. Ya taka birki ya bi da sandar giya kan kowane harafi, ya mai da ita P, sa'an nan ya zaro gejin man giya. Mai bai ko kai alamar ƙasa ba. Ya ɗiga shi a kan farar takarda ya miƙo mini ya ce, "Ɗan boko, me ka gani?" Na ce ruwan ƙasa ne, yana ɗan ƙauri. Ya ce lafiyayyen mai ja ne garau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan ciki sun ƙone. In kuwa ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, wannan babbar magana ce.

A nan ne na fi jin daɗi, don bayanin da ya yi ya zo daidai da darasinmu na kimiyya. A cikin giyar akwai siraran faifai a jere, wasu na ƙarfe zalla, wasu an manna musu wani abu mai kama da takarda. Akwai famfo wanda inji yake juyawa, yana tura mai da ƙarfi, man ya matse faifan su kama juna, sa'an nan ƙarfin inji ya isa ga taya. Wato man shi ne ƙafar da take aikin kuloci. In ya yi kaɗan sai famfo ya shaƙi iska, matsi ya ragu, faifan su riƙa gogar juna suna zafi suna cinyewa. In an cika shi ya wuce kima kuma kumfa yake yi, ciwon ɗaya ne. Tsohon bai taɓa jin sunan Faskal ba, amma ya fi littafinmu iya bayanin matsin ruwa.

Ya shiga ƙarƙashin mota ya gano inda man yake yoyo, ashe tiyon da yake kai shi lagireto ya huce ne ya tsage. Yaronsa ya jona ƙaramar kwamfuta a wata kafa da take ƙarƙashin sitiyari, wadda duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da ita, ba ta nuna laifin lantarki ba. Aka kwance tiren da ke ƙasan giya. A jikin maganaɗisun da ke ciki akwai laushin toka, amma babu ɓarɓashin ƙarfe. Tsohon ya ce, "Alhamdu lillahi, haƙora ba su karye ba."

Sai Baba ya kawo maganar da direbobi suke yi a tasha, wai in aka juye man tsohuwar mota nan take giya za ta mutu. Tsohon ya ce maganar tana da tushe. In faifai sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon mai shi ne yake taimaka musu su ɗan kama, da an zuba sabo sai asiri ya tonu. Sabon mai bai kashe giyar ba, dama ta mutu. Don haka bai yarda a wanke ta da na'ura ba. Ya tsiyaye abin da ya fito, wajen lita uku da rabi, wanda bai kai rabin man da ke ciki ba, ya canja matata da tiyo, ya zuba irin man da aka rubuta wa motar, wato T-IV. Ya ce bayan wata guda a sake.

Jim ɗin safe ya tafi, gada ma tana hawa ba ruri. Amma in an cika ta da kaya har yanzu takan ɗan zame daga giya ta biyu zuwa ta uku, tsohon kuwa bai ɓoye mana ba cewa faifan sun ci rabi. Ya gargaɗi Baba ya rage lodi, ya tsaya cik kafin ya sa ribas, kada kuma a ja ta da igiya tafiya mai nisa, don in inji ba ya aiki famfo ba ya ba giyar mai. Yanzu kowace Juma'a da safe Baba yakan duba geji, ya kuma shiga adashen tasha don kuɗin sababbin faifai. Kwasarsa sai bayan Babbar Salla.