Dariyar da Muka Saba

A damunar 2023, mu malamai shida muka taru a gidana a unguwar Bukoki, nan Yamai, muka kalli Joyland, fim ɗin Saim Sadiq na ƙasar Pakistan. Labarin Haidar ne, magidanci marar aikin yi a birnin Lahor, wanda ya samu aikin rawa a ƙungiyar Biba, wadda aka haifa namiji, take rayuwa a matsayin mace. A 2022 alƙalan bikin finafinai na Kan, a Faransa, sun ba fim ɗin lambar yabo. A Nuwamban shekarar gwamnatin Pakistan ta hana nuna shi, daga baya ta janye bayan an datse wasu wurare, amma jihar Punjab, inda Lahor take, ta tsaya a kan haninta.

Mu ma haka muka rabu. Wani abokin aikinmu ya tashi tun ba a kai rabi ba, ya ce Turawa ba sa yabon fim sai ya tona asirin Musulmi. Wata malama ta ce mun raba dare muna gardama a kan Biba, ba wanda ya ambaci Mumtaz, matar Haidar, da aka raba da sana'arta aka zaunar a gida har ta kashe kanta.

Ni kuwa abin da ya hana ni barci daban ne. Ƴan daudu ba baƙinmu ba ne: su ke tuƙa tuwon biki, su ke sayar da abinci a tasha. Da marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a ɗan daudu, dariya muka yi har da hawaye, da mu da abokin nan da ya tashi. Biba kuwa ba a miƙo mana ita don dariya ba. An nuna ana korar ta daga wurin zaman mata a jirgin ƙasa, kyamara ta tsaya a kan fuskarta.

Na taɓa koyar da wani yaro mai sanyin murya da ƴan aji suka laƙaba wa “Hajiya”. Ranar da na fara jin sunan, murmushi na yi, aji kuwa ya ɗauke shi izini. Kafin ƙarshen shekara yaron ya bar makaranta. Hukuncin addini a kan wannan al'amari na malamansa ne. Tsare mutuncin yaro a aji kuwa amanar da aka damƙa mini ce, kuma ban riƙe ta ba.