Idan abokin tafiya ya karye tsakanin Ƙonni da Galmi

Birnin Ƙonni gari ne na masu wucewa. Babbar hanyar gudro da ta taso daga Yamai, wajen kilomita 420, ta ratsa shi ta miƙa Malbaza, Galmi, Maradi har Damagaram. Wata ta ɓalle kudu ta shiga Illelar Najeriya ta nufi Sakkwato. A Tsarnawa kuma, gabas da gari kaɗan, ta uku ta karkata arewa zuwa Badagishiri da Tawa, ta bar ɗaya Illelar, wato ta Sarkin Adar, a hannun hagu. Dillalan albasa daga Gana da Togo, fataken shanu daga Sakkwato, Adarawa ƴan ci-rani da jaka a kafaɗa, duk nan suke haɗuwa. A shekarun 1980 har da samarin Turawa masu jakar goyo, waɗanda ke ƙetaro Sahara ta Tamanrasat da Arlit da Agadas, wasu da tsohuwar Peugeot 504 ta sayarwa. Tawayen arewa da rikicin Aljeriya suka yanke wannan hanya a farkon shekarun 1990.

Galibin waɗannan matafiya bibbiyu suke tafiya, ko uku-uku. Ana haɗa kuɗin mota, ana cin kwano ɗaya, wani na barci wani na gadin kaya. Ba a tuna nauyin wannan abota sai ranar da kabu-kabu ya zame a kan tsakuwa, ko mutum ya faɗo daga saman kamyon albasa, ko sa ya yi tutsu wajen lodi. Daga wannan sa'a raunin na mutum ɗaya ne, amma ɗawainiyar ta koma kan ɗan'uwansa. Shi ne ma'aji, shi ne tafinta, shi ne mai jinya, shi ne kuma shaida a gaban jandarma.

Baturen da ya karye a wancan zamani yana da takardar inshora a aljihu: a kai shi Yamai, a sa shi jirgi, ya farka a Faransa. Bafatake ba shi da wannan gata. Inshorarsa ita ce mutumin da suka baro gida tare.

Shawarar farko ita ce mafi nauyi, kuma a bakin hanya ake yanke ta, cikin taron ƴan kallo da kowa ke da nasa magani. Wasu su ce a kira maɗori, wasu su ce a kai shi likita. Maɗori yana kusa, yana jin Hausa, ba ya tambayar takarda, abin da aka ba shi kuma shi ke nan. Ba kuma za a yi masa ƙwauron yabo ba: ƙasusuwa da yawa sun haɗu a hannunsa da kara da tsumma da addu'a. Amma akwai raunin da ba nasa ba ne. Idan ƙashi ya huda fata ya fito, idan karayar ta cinya ce ko ta ƙugu, idan mai raunin ya bugu a kai yana amai ko yana yawan gyangyaɗi, idan ya ce ba ya jin ƙafafunsa, to ba batun ɗori. Irin wannan ba a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a kan allo ko ƙyauren ƙofa, a danne wurin jini da tsumma mai tsabta, kada a zuba ƙasa ko toka ko man inji a ciki, kada kuma a ɗura masa fura don tausayi, domin wataƙila aiki za a yi masa. Rauni mai datti kuma yana bukatar allurar tetanos, ko da ƙarami ne.

Abin da ke hana mutane zuwa asibiti sananne ne: tsoron a yanke ƙafa. Sai dai sau da yawa ƙafar da aka yanke a asibiti ta riga ta mutu tun a gida, a ƙarƙashin ɗaurin da aka tamke fiye da kima har jini ya kasa wucewa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: yatsu su yi sanyi, su kumbura, su yi baƙi, ciwo ya tsananta sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Mai raunin yakan ɗauka sauƙi ne ya samu. Abokinsa ne kaɗai ke da idon da zai duba yatsun nan dare da rana, ya sa a kwance ɗaurin tun kafin wari ya tashi.

A wannan yanki, idan an ce asibiti a kan maganar ƙashi, zukata Galmi suke tafiya. Mishan ta SIM ce ta buɗe asibitin a 1950, a garin da duniya ta sani da jar albasarsa, wajen kilomita 50 gabas da Ƙonni, bayan an wuce hayaƙin masana'antar siminti ta Malbaza. Ƴan Najeriya ma sun daɗe suna ƙetarowa dominsa. Ƙonni da Illela suna da nasu asibitocin gwamnati, Tawa na da babba, ƙauyuka da dama kuma suna da CSI inda manjo zai wanke rauni, ya tsai da jini, ya rubuta takardar turawa gaba. Wanda ya ji rauni a kan gudro ya yi sa'a. Wanda abin ya same shi can cikin duwatsun Adar, ko bayan ƙoramun Magiya da damina, sai amalanken jaki ya fara fito da shi bakin hanya, tafiyar da kan cinye rabin yini.

Isa asibiti ba shi ne ƙarshen wahala ba, nan ma aikin abokin tafiya ke farawa. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka kafa tsarin biyan kuɗin magani a asibitocin gwamnati, kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta riga ta tsauwala farashin duk abin da ake shigowa da shi. Kyautar magani da aka soma a 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce da wasu sha'anonin mata. Ƙaton fatake ba ya ciki. Saboda haka kati da kuɗi, hoton ƙashi da kuɗi, ordonansi kuma a hannun mai jinya ake danƙa ta ya nufi farmasi. Abinci, wanki, tasa marar lafiya zuwa bayan gida, duk nasa ne. Idan ana bukatar jini, shi za a fara dubawa. Dare kuma a kan tabarma, ƙarƙashin bishiya ko gefen gado.

Baƙon da ya fito daga Najeriya yana jin maganar kowa, tun da Hausa ɗaya ce, amma takarda da Faransanci take, lissafi kuma da dala da jika. A nan dala ita ce sefa 5, jika sefa 1000. Shi kuwa a garinsu jaka naira 200 ce. Mutum cikin ruɗani, da naira a aljihu, ga ɗan canji a bakin tasha ya gane yana cikin matsi: ba sai an faɗi yadda cinikin zai ƙare ba. Ba'adare da ya karye a Sakkwato ko Legas haka yake gamuwa da Ingilishi da naira. Iyakar ma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A irin waɗannan lokuta, marasa lafiya da dama ta barauniyar hanya aka ƙetara da su, cikin yashi, a bayan babur.

Sai maganar da ba a cika faɗa a fili ba, wadda ita ce ke raba abokai. Kaya ba sa jiran ƙashi ya haɗu. Albasa na ruɓewa a cikin buhu, shanu na ramewa suna cin kuɗin harawa, kasuwar Lahadi ta Illelar Najeriya ba za ta ɗaga don wani ba, direba kuma na hura ƙaho. Karayar ƙafa kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a taka. Jarin da ke hannu wataƙila na mutum biyar ne a gida. Wanda ya tsaya ya yi hasara, wanda ya wuce ya bar abin faɗa har jikoki. Malamai suna tunatarwa cewa Suratun Nisa'i ta lissafa abokin zama da ɗan hanya cikin masu haƙƙi, kuma ɗan hanya na cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Amma wa'azi ba ya biyan ordonansi.

Tsofaffin fatake sun daɗe da samo wa wannan matsala mafita, ita ce mai masauki. Kowane baƙon kirki yana da gidan da yake sauka a Ƙonni ko Galmi ko Badagishiri. Mai masauki ne zai karɓi kayan ya sayar da amana, ya ba da rance a kan sunan uban baƙon, ya aika da tuwo asibiti safe da yamma, ya sa yaronsa ya karɓi jinya kwana biyu don abokin ya kai kaya ya komo. Sarkin tasha na iya sa direba ya ɗauki nasa rabon, limamin unguwa ya yi shela bayan sallar Juma'a. Matasan yanzu da ke sauka a tasha su kwana a kan benci, da salula a hannu amma ba su san ƙofar kowa ba, su ne suka fi tagayyara idan abin ya faru. Waya na kai labari gida cikin minti ɗaya, kamfanonin aika kuɗi na kawo taimako kafin la'asar, abin da a da sai an ba direba wasiƙa ko an kai sanarwa Muryar Sahel. Sai dai waya ba ta ɗaga mutum daga gado.

Ranar sallama ma da sauran aiki. Abokin ne zai karɓi hoton ƙashi da takardar likita ya adana, ya tambayi ranar dawowa, ya riƙe lambar motar da ta yi ɓarnar da takardar jandarma in akwai ƙara. Sannan ya je tasha tun da asuba ya biya kuɗin mutum biyu a gidan gaba, don a samu inda za a miƙe ƙafar har Sakkwato.