Kama Da Wane Ba Ta Wane: Mage Da Madarar Almon

Bahaushe bai yi wa nono rowar suna ba. Wanda aka tatso yanzu-yanzu daga hantsar saniya, da sauran ɗuminsa, shi ake kira madara. In ya kwana ya yi kauri da mansa a jikinsa, to ya zama kindirmo. In an kaɗa shi an tsame man, sai a ce nono kurum, in kuwa ya yi tsami ya tsinke, sunansa tsala. Hatta wanda saniya takan fara kawowa ran da ta haihu yana da nasa sunan, watau dakashi. Amma ayar da aka jiƙa, aka markaɗa, aka tace, ko da ta fi alli fari, kunun aya ake ce mata, haka nan kuma gyaɗa. Ashe ke nan tun fil azal kakanninmu sun shata iyaka tsakanin abin da ya fito daga jikin dabba da abin da ya fito daga tsiro, ba su yarda farin launi ya ruɗe su ba.

To, sai ga zamani ya zo yana share wannan iyaka. Da farko muka ji madarar waken suya, yanzu kuma a wasu manyan kantunan Kano akan ga wata a cikin kwali, ana ce mata madarar almon. Shi almon ƙwayar wani itace ce da Larabawa ke kira lauz, wadda wajen kashi 80 cikin 100 na abin da duniya ke samarwa daga jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka yake fitowa. Masu shan wannan abu galibi mutanen da nono ke ɓata wa ciki ne. Tun da kuwa an kira shi madara, mage kuma kowa ya san ta da son nono, ba abin mamaki ba ne a tambaya ko za a iya zuba mata. Wannan tambaya ce nake so mu tattauna.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan ƙauye da wannan magana ta 'yan birni. Amsar tana cikin rumbu. Ni mutumin ƙasar Ɗambatta ne, a arewacin Jihar Kano, inda gona ta haɗu da gona, gida ya hango gida, ba wani daji da ya saura sai gawo da kuka da ɗorawa da ke tsaye a tsakiyar gonaki. Tun a shekarar 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka wallafa nazarinsu a kan yadda jama'a suka yi cunkus a karkarar da ke kewaye da birnin Kano, da yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da ƙarfin taki. A irin wannan ƙasa, magidanci ya san adadin daman geronsa da na dawarsa kamar yadda ya san adadin 'ya'yansa, ya kuma san watan da za su kai shi. Damin da ɓera ya ɓarnatar a rumbu, a kasuwa za a sayo madadinsa cikin damina, lokacin da hatsi ya fi tsada. Saboda haka mage a wurinmu ma'aikaciya ce, mai gadin abincin shekara. Kyanwar Lami, wadda ba cizo ba yakushi, ba ta da gurbi a gidan manomi.

Wata shekara da kaka, bayan an gama shigar da amfanin gona, magen gidanmu ta ci wani ɓera da ya riga ya ci guba a wani gida, ta mutu ta bar 'ya'ya uku waɗanda ba su wuce mako uku da haihuwa ba. Aka yi daidai da goggona ta zo daga birni ganin gida, ta kuwa taho da kwalin madarar almon, don ita ba ta iya shan nono. Da ta ji kukan 'yan magen a gindin rumbu, tausayi ya kama ta, sai ta ce wa kakarmu, "Inna, a ɗiba musu wannan mana. Ai ba ta ɓata ciki, ta ma fi ta shanu tsada."

Kakarmu ta karɓi kwalin, ta tsiyaya kaɗan a ludayi, ta kurɓa, ta yi shiru. Can sai ta ce, "Ke 'yar nan, wace saniya ce ta kawo wannan?"

Goggo ta yi dariya ta ce, "Inna, daga 'ya'yan itace ake yin ta."

Tsohuwa ta miƙa mata kwalinta ta ce, "To, kunu ke nan. Ban taɓa ganin inda aka raini jariri da kunu zalla ya yi ƙwari ba."

Nan take ta tura mu yara zagaya maƙwabta, har muka samo gidan da magensu ke goyo. Aka kai mata marayun da dare, aka cusa su cikin nata 'ya'yan, ta kuwa karɓe su. Ɗaya ya mutu, biyu suka rayu, daga bisani aka dawo da su suka gaji aikin uwarsu.

Abin da tsohuwar nan ta gane da harshenta, ilmin zamani ya tabbatar da shi, amma kafin mu je can, ya kamata a ba goggo gaskiyarta, domin tunaninta yana da tushe. A cikin madarar saniya akwai wani irin sukari da masana ke kira laktos, wanda ya kai kusan kashi 5 cikin 100 na madarar. Kafin jiki ya amfana da shi, sai wani sinadari da hanji ke samarwa ya narkar da shi. Ɗan mage yana da wannan sinadari isasshe muddin yana tsotso, amma da zarar an yaye shi, watau wajen mako 8 da haihuwa, sai sinadarin ya yi ta raguwa. Shi ya sa yawancin manyan maguna in suka sha madara da yawa sai ciki ya kumbura, gudawa ta biyo baya. Cutar goggo da ta mage iri ɗaya ce. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa lasar ƙwaryar kindirmo ba ta cika wahalar da mage kamar ɗanyar madara ba, saboda ƙwayoyin da ke sa nono tsami sun riga sun cinye wani kaso na sukarin.

Ita madarar almon ba ta da laktos ko kaɗan, wannan gaskiya ne. Amma rashin cuta ɗaya ba ya mai da abu abinci. Yadda ake yin ta bai bambanta da yadda matanmu ke yin kunun aya ba: a jiƙa, a markaɗa, a tace. Yawancin abin da ke cikin kwalin ruwa ne, ƙwayar almon ɗin 'yar kaɗan ce. Kofi guda na madarar saniya yana ɗauke da wajen giram 8 na sinadarin gina jiki, watau furotin, alhali kofi guda na ta almon bai wuce giram 1 ba. Nonon mage kuwa ya ninka na saniya wajen furotin, kusan sau biyu. In dai madarar saniya ma ba ta kai ta riƙe ɗan mage yadda ya kamata ba, ina ga ruwan 'ya'yan itace? Jaririn magen da aka ɗora a kan irin wannan abu zai cika cikinsa ya yi shiru, mai gida ya zaci ya ƙoshi, alhali yunwa ce ke cinsa sannu a hankali.

Bugu da ƙari, halittar mage dabam take da ta kare da ta ɗan Adam. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane saboda ɓerayen da ke taruwa a ma'ajiyar hatsi, jikinta kuwa har yau na maciyin nama ne zalla. Akwai wani sinadari mai suna torin wanda ake samu a cikin nama, tsirrai kuwa kusan ba su da shi, ita kuma mage jikinta ba ya iya haɗa isasshe da kansa. A shekarar 1975 masu bincike suka nuna cewa rashinsa yana lalata idon mage har ta makance, a 1987 kuma Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa rashinsa yana raunana zuciyarta. Wani abin mamaki kuma, a 2005 masana a cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka bayyana cewa harshen mage ba ya jin zaƙi sam. Watau in ka ga tana zagaya ƙwaryar nono tana kuka, maiƙo ne ya jawo ta. Sukarin da aka zuba a cikin kwali don a faranta wa ɗan Adam, ita ba ta san da shi ba, sai dai ya yi mata nauyi a jiki.

To, ina amsar tambayarmu? Babbar mage lafiyayya, in ta lashi cokali ɗaya ko biyu na madarar almon wadda ba a sa mata komai ba, ba guba ta sha ba, kada hankalin kowa ya tashi. In ta sha da yawa, tana iya yin amai ko gudawa. Amma a kula da abin da aka gauraya a ciki, domin wadda aka sa wa cakulan tana da haɗari na gaske, tun da akwai sinadari a cikin koko wanda jikin mage ba ya iya fitarwa da sauri. Haka nan akwai wani nau'in almon mai ɗaci wanda ke ɗauke da gubar sayanayid, ko da yake ba da shi ake yin ta kwali ba. Ga jaririn mage kuwa, hukuncin ɗaya ne: ba abincinsa ba ce. Abin da ya fi shi ne uwar goyo, sai madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan mage in ana samunta wurin likitan dabbobi. Inda duk waɗannan suka faskara, madarar akuya takan riƙe rai na ɗan lokaci kafin a sami mafita.

Abin da babbar mage ke bukata ba shi da tsada. Ruwa mai tsabta a kasko, musamman da bazara, shi ne abin shanta na haƙiƙa. Sai guntun nama ko tsokar kifi ko dafaffen ƙwai, don ƙari a kan abin da ta farauto. A guji ba ta abin da ya ji albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata mata jini, kada kuma a kuskura a ba ta farasitamol don an ga ba ta da lafiya, saboda ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Mai zuba wa ɓera guba kuma ya tuna cewa gubar ba ta tsayawa a kan ɓera, takan bi shi har cikin mai gadin rumbun maƙwabcinsa. Wannan haƙƙi ne da addini ma bai yi sakaci da shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Tausayi wajibi ne, sai dai tausayin da ba ilmi a cikinsa yakan yi ɓarna da kyakkyawar niyya.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu ɗaliban harshe. Duk wannan ruɗani kalma ɗaya ce ta haife shi. Mun ari sunan da Bature ya laƙaba wa hajarsa, muka fassara shi kai tsaye, ba tare da mun duba ko harshenmu ya riga ya tanadi gurbin da ya dace da abin ba. Yau mage ce abin ya shafa, amma uwar da ta ji an ce madara, ta ga kuma farashinta ya fi na sauran, tana iya ɗora jaririnta a kai, alhali shi ma ba za ta riƙe shi ba. Suna linzami ne, inda ya juya nan tunani ke bi. Shawarata ga masu fassara da masu aikin rediyo da malaman makaranta ita ce a mayar da abin gidansu, a kira shi kunun almon, kusa da 'yan uwansa na aya da gyaɗa. Wanda ya ji kunu ya san abin sha ne na marmari, ba zai raini jariri da shi ba, na mutum ne ko na dabba. Allah ya sa mu dace, amin.