Kaza da Zaitun a Kasko

A birnin Fas na ƙasar Maroko, kaza da zaitun girkin haƙuri ne. Tukunyar ƙasa mai murfi mai tsini, wadda suke kira tajin, ita ake ɗorawa bisa garwashi har naman ya yi laushi. Wata malamar makaranta da ke komowa gida dab da magariba ba ta da wannan sarari. Takan yanyanka kazar ƙanana, ta soya a kasko da albasa, tafarnuwa, citta da kurkum, ta zuba karas, daga baya zaitun da lemon tsamin da ya jiƙu a gishiri. Gishiri kuwa ba ta ƙarawa, domin zaitun ya zo da nasa. Surukarta takan ce wannan ba tajin ba ne, amma jikokinta kan ci kafin barci ya kwashe su.