Mai Hikaya a Funtuwa

Tun da BBC ta fito da fim ɗinta kan maganin tari mai kodin a shekarar 2018, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta haramta shigo da shi da sarrafa shi, nake tuna wani dattijo ɗan dako da na sani a Funtuwa, domin fim ɗin ya nuna mana matasa ɗaure da mari, alhali wannan bawan Allah ya fito daga irin wannan musiba da hankalinsa da fasahar harshensa. Ya daɗe yana shan ƙwaya don ya jure nauyin buhuna, sannan Allah Ya nufe shi da tuba. Bayan la'asar yakan jingina da buhun masara, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya shiga hikayar direbobin hanyar Malumfashi, yana kwaikwayon muryar kowannensu har abokan aikinsa su manta da gajiya. In ya iso kan shekarun mayensa kuwa, sai muryarsa ta yi ƙasa, yana jan carbi da yatsun da har yanzu suke rawa. Na so a ce wani mai ɗaukar fim ya zauna gabansa wuni guda, ya bar shi ya yi ta magana.