Kada ka yar da tsohuwar kwamfutarka

Ɗan'uwa mai karatu, ko akwai tsohuwar kwamfuta a gidanku? A nan Agadas da yawa cikinmu ta hannu muke saye. Wata ta yi nauyi, sai ka kunna ta ka dafa shayi kafin ta buɗe. Kada ka yi saurin yar da ita.

Kowace kwamfuta tana da wani babban tsari a cikinta. Shi ne yake tafiyar da komi, kamar madugu da ayari. Wanda muka fi sani sunansa Windows, na kamfanin Microsoft ne a Amurka. Kamfanin ya daina kula da Windows 7 a shekara ta 2020. Wa'adin Windows 10 kuma ya cika a watan Oktoba na 2025. Sabon da ya fito, Windows 11, ba ya hawa tsofaffin inji da yawa.

To, akwai wani tsarin, sunansa Linux. Wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara shi a ƙasar Finlan a 1991. Bai ɓoye yadda ya gina shi ba. Ya ce kowa ya duba, kowa ya gyara, kowa ya ba wani. Kamar rijiyar kan hanya ce: ba a sayen ruwanta, kuma duk wanda ya iya yasa sai ya yashe ta. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan Linux aka gina ta. Ashe ka daɗe da shi ba ka sani ba!

Linux iri-iri ne. Akwai Ubuntu, wanda wani mutumin Afirka ta Kudu ya fito da shi a 2004. Kalmar tasu ce, kusan mutunci take nufi. Mu a gidanmu Linux Mint muka sa, don fuskarsa ta yi kama da wadda yara suka saba. Da ita nake rubuta lissafin shagona. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, duk suna fita. Tifinar na Abzinawa ma yana fita.

Amma ka saurara da kyau a nan. Sa sabon tsari yana iya share duk abin da ke cikin injin. Hotunan suna da na biki, takardun lakwal na yara, sunayen masu bashi, duk su tafi. Ka fara kwashe su a kile, ka ajiye kilen wuri guda. Ka buɗe shi ka gani da idonka sun shiga. In wani zai sa maka, ka tsaya a kansa, kada ka ji kunya.

Kuma ba dole ka sa shi ran farko ba. Ana iya kunna Linux daga kile a gwada shi, ba a taɓa na ciki ba. Ka gwada sauti, ka gwada intanet da injin buga takarda.

Ba zan ce maka babu wahala ba. Sauko da shi yana cin wajen giga 3, kuɗi ne. Wasu wasannin yara ba su tashi, nawa sun yi kwana biyu suna fushi. Masu gyara kuma sun fi sanin Windows. Shi ya sa nake ganin gara ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa. Kile ɗaya ya ishe ku duka, kowa ya sa ya miƙa wa na gaba.