Daga Ƙwanni zuwa bakin teku

Nijar ba ta da teku, amma duk wanda ya tsaya a tashar Birnin Ƙwanni da hantsi ya san inda gaɓarmu take. Tana can kudu, a ƙarshen hanyar da kamiyo-kamiyo ke bi ɗauke da albasa, wake da dabbobi.

Ƙetaren iyaka kaɗan akwai garin Illela ta jahar Sakkwato, takwarar Illelarmu ta jahar Tawa. A can ne, cikin watan Oktoba na shekarar 2024, gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da aikin babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta ratsa Sakkwato da Kabi har Badagiri, bakin teku kusa da Ikko. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari ake maganarta. A shekarar ce kuma aka soma hanyar gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba.

To, mu fa? Matafiyin da ya bar Ƙwanni ya nufi gabas bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, ba da jimawa ba zai iso Tsarnawa, inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Malbaza, garin siminti, ta wuce Galmi, wadda albasarta ta yi suna har Abijan da Akara. Ɗayar ta yi arewa, ta bi Badagishiri cikin gundumar Illela, ta kai Tawa, inda hanyar uraniyom ta Arlit ta fara. Tsakanin waɗannan gudro biyu akwai ƙauyukan kwarin Magiya, waɗanda in damina ta sauka sai amalanke da jaki ke iya fitar da kayansu.

Albasa ba ta jira. Kwanan da buhu ya ƙara bisa hanya, asara ce ga manomi. Mutanen Ƙwanni sun ɗanɗana hakan lokacin da aka rufe iyaka a 2019, aka kuma sake rufe ta a 2023.

Saboda haka, jama'a, hanyar maƙwabci alheri ce, amma iyakarta bakin iyaka. Ragowar aikin namu ne: hukuma ta ware kuɗin gyaran gudro kowace shekara, ta hana lodin da ya wuce kima, ta zuba jar ƙasa bisa hanyoyin karkara. In ba haka ba, teku zai matso ƙofar Ƙwanni, manomin Magiya kuwa yana nan nesa da shi kamar da.